ƘWAƘWALWA ITA CE UWAR JARI

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya, a garin Gombe)



Bayan godiya ga Allah da ya sake tara mu bana cikin rai da lafiya, muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ce a wannan karo a ɗan jingine zancen farashin masara da haraji da kuɗin mota, a yi magana a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Da aka faɗi take mun ji wasu suna gunaguni, wai ina ruwan ɗan kasuwa da zancen likitoci? To, jama'a, ku ba mu aron hankalinku, in mun gama ku yanke hukunci.

Mu nan galibinmu zama ne ya kawo mu ko ya kawo iyayenmu. Wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Zazzau, wasu Haɗeja ko Sakkwato. Tun da aka dawo da hedkwatar masarauta wannan wuri a 1919 fatake suke sauka, da jirgin ƙasa ya iso a 1963 aka ƙaru saboda cinikin auduga da gyaɗa, da aka yi Jihar Gombe a 1996 kuwa sai garin ya buɗe gaba ɗaya. Da me iyayen nan namu suka zo? Ba su zo da gona ba, ba su zo da gida ba. Da kansu suka zo. Mutum guda yana riƙe da bashin mutum arba'in a ka, ya san farashin wake a Kumo da na Dawanau a rana ɗaya, ya dubi baƙo sau ɗaya ya gane ko mai biya ne. Wannan shi ne jarin da ya gina shagunan da muke zaune a ciki yau. In gobara ta ci shago, 'yan'uwa sukan haɗa wa mutum kuɗi ya tashi. In ƙwaƙwalwa ta taɓu, wa zai yi masa karo-karon wata? Malamanmu na Islamiyya ma sun karantar da mu cewa hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Ashe ke nan kula da shi ba son rai ba ne.

BA DUK TSUFA BA NE

Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wato kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki. Amma duk da wannan ƙanƙanta, ita kaɗai ke cinye kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci da iska. Kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiya. Abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. In jini ya yanke mata na 'yan mintoci, sashen da abin ya shafa ya fara mutuwa ke nan.

Mu Hausawa in dattijo ya fara mantuwa, ko ya shiga maimaita tambaya, sai mu ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Haƙuri wajibi ne, amma akwai abin dubawa. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, irin su marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da takwarorinsu na Amurka, suka riƙa bibiyar tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, da kuma baƙar fatar birnin Indiyanafolis, waɗanda akasarin kakanninsu daga nan Afirka ta Yamma aka kwashe su. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a duk shekara, cikin tsofaffi ɗari na Ibadan ɗaya da ɗan ɗoriya ne ke kamuwa da gigin tsufa, alhali a can Amurka sun haura uku. Asali kusan ɗaya, shekaru ɗaya, amma ciwo ya ninka sau biyu har da ƙari. Daga cikin abin da masu binciken suka lura da shi, tsofaffin Ibadan ba su da ƙiba, kitsen jininsu kaɗan ne, ciwon suga da hawan jini ba su yi musu yawa kamar na can ba.

Haka kuma a 2024 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafa abubuwa 14 waɗanda, in an kauce musu, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa a duniya. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, kitsen jini, taba, barasa, rashin motsa jiki, buguwa a ka, raunin ji, raunin gani, ciwon damuwa, kaɗaici, gurɓatacciyar iska, da ƙarancin karatu tun ƙuruciya. Ku duba da kyau, jama'a. Wanne ne a ciki ba ya kwana a kasuwarmu? Saura rabin da ba ya hannunmu mun bar wa Mai shi. Amma wannan rabin, ai mu za a tambaya.

BABBAN ƁARAWO: HAWAN JINI

Mutanen Tudun Hatsi sun san buhun wake. Ka gan shi a tsaye, cike, ɗinki lafiya, alhali ƙwari sun gama da cikinsa. Mai saye mai wayo ba ya yarda da ganin ido, sai ya soka ƙarfe ya ɗebo ya duba. To, haka hawan jini yake. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci, yana ciniki, babu ciwon kai babu jiri, amma a ciki jini yana dukan ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa dare da rana. Wasu su toshe, wasu su tsage. In ƙanana ne suka toshe, ba ya faɗuwa, sai dai a ga lissafinsa ya yi nauyi, yana saurin fushi, yana ba da canji ba daidai ba. In babba ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Duk cikinmu nan babu wanda bai san wani Alhaji da aka ɗauko daga shago a kwance ba, mutumin da jiya-jiya shi ke sasanta rigimar layi, yau ba ya iya kiran sunan ɗansa.

Wannan ba zancen Turawa ba ne. An yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi. Sun gwada mutum fiye da dubu biyu da suka sami shanyewar ɓarin jiki da wasu dubu biyu masu lafiya. Abin da suka buga a 2018 shi ne, kimanin tara cikin goma na wannan ciwo a ƙasashenmu hawan jini ne ke da alhakinsa. Sun kuma gano cewa yawan cin nama, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da yawan damuwa suna ƙara haɗari, masu cin ganye kullum kuwa haɗarinsu ya ragu. Ganye fa, jama'a! Zogale, rama, alayyahu, yakuwa, lalo. Abin da wasu in sun yi kuɗi suke cewa abincin talaka ne, su koma tsire da balangu da lemon kwalba kowane dare.

An ƙiyasta cewa a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba. Ku ƙirga kanku uku-uku a inda kuke zaune. Hanyar sani guda ɗaya ce, a auna. In an auna a ranaku biyu daban-daban aka sami 140 bisa 90 ko sama da haka, to, akwai shi. Awon ba ya cin minti biyar, kuma ba ya zafi.

In likita ya ɗora mutum a kan magani, to, ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. A nan mutanenmu da yawa suke faɗuwa. Mutum ya sha wata guda, aka auna aka ce jini ya sauka, sai ya ce alhamdu lillahi na warke, ya watsar. Ai maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka daina kuwa zai koma inda ya fito. Wani kuma sai ya bar na asibiti ya kama na masu lasifika a tasha, waɗanda kwalba ɗaya take maganin basir da shawara da hawan jini da sanyin ƙashi. Gaskiya ne an gwada zoɓo marar sukari an ga yana ɗan rage jini, amma taimako ne, ba ya zama a madadin maganin likita. Sa'an nan a yi hattara da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a kemis da yamma, domin wasunsu suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda in an ɗore a kansu.

Iyayenmu mata, ga naku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk abin da ya ci tun safe. Dunƙulen da ake jefa wa miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce. In an sa dunƙule huɗu, aka ƙara gishiri, aka kawo yaji mai gishiri a gefe, ina lissafi ya tsaya? A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Ku kuma maza, kada wanda ya koma gida ya yi faɗa wai miya ta yi lami.

Sai zama. Iyayenmu da ƙafa suke zuwa kasuwa daga Jekadafari ko Bolari ko Herwagana. Yau daga ƙofar gida sai kan babur, daga babur sai benci, daga benci sai tabarma. Abin da masana suka ce shi ne minti 150 na tafiya mai ɗan sauri a mako, wato rabin awa sau biyar. Wanda ya taka zuwa shago da sanyin safiya ya biya wannan bashi ba tare da ya sayi komai ba. A watannin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafin Gombe ke haura 40, a yawaita shan ruwa, domin ƙishirwa kaɗai tana dusashe lissafi.

Abu na ƙarshe a wannan babi, kowa ya riƙe alamu uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa, a sa shi a mota a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru nan take. Kada a ce a bari a ga abin da gari zai waye da shi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki domin yana iya shaƙewa, kada kuma a tsaya gardamar ko shafar iska ce. Addu'a a yi ta a cikin mota. Awannin farko su ne ke raba wanda zai tashi da wanda zai daɗe a kwance.

BA A CIN BASHIN BARCI

Bahaushe ya riga likita faɗin haka. Babban mutum yana bukatar awa bakwai ko fiye. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka koya da rana, shi ya sa almajiri yake kwana da allonsa da ƙyar, ya tashi da asuba ya ji ya zauna. A 2013 kuma masana a Amurka suka nuna, a gwajin da suka yi da ɓeraye, cewa lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ta fi wanke dattin da ya taru a cikinta. Kamar dai sharar kasuwa ce, sai an tashi ake yin ta.

To, mu duba yadda dare yake a wurinmu. A rufe shago bayan isha, a zauna majalisa ko teburin mai shayi har sha ɗaya, a shiga gida a kama waya har ɗaya, a tashi asuba. Awa huɗu ke nan. Ga goro a baki tun hantsi. Ba mu ce a bar goro ba, kada 'yan goro su kore mu daga taro. Amma a san cewa yana ɗauke da sinadarin kafeyin, irin na gahawa da shayi da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari, kuma jiki yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Goron da aka ci da la'asar, rabin ƙarfinsa yana nan a jini ƙarfe tara na dare. A mayar da shi na safe da hantsi. Ƙailula kuwa, wadda iyayenmu ba sa wasa da ita, minti ashirin zuwa talatin bayan azahar ta isa ta wartsake mutum.

Masu tafiyar dare, musamman masu bin hanyar Dukku da Darazo zuwa Kano sayen kaya, ku ji wannan. Wani bincike a ƙasar Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sukan koma kamar na wanda ya ɗan kurɓi barasa. Babu ɗayanmu da zai shiga motar direban da ya sha giya. Don me za mu matsa wa wanda bai runtsa ba ya juyo da mu a daren?

Haka kuma duk maigidan da iyalinsa suka ce yana minshari mai ƙarfi, har numfashinsa yana ɗaukewa ya farka a firgice, da rana kuma yana gyangyaɗi a shago, kada ya ɗauka abin dariya ne. Ciwo ne da ke hana ƙwaƙwalwa iska, yana kuma ɗaga jini. Ya je ya ga likita.

YARANMU NA SHAGO DA NA DAKO

Nan ne maganar take da ɗaci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabace shi. A Jihar Gombe adadin ya kai kashi 21 cikin ɗari, mafi yawa a Arewa maso Gabas. Ɗaya cikin biyar ke nan. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan fim ɗin da BBC ta yi a kansa, amma tiramadol bai bar tasha da kasuwa ba. Wanda hukuma ta amince likita ya rubuta mai lamba 50 ne ko 100. Wanda ake sayar wa yara a ɓoye kuwa mai 200 ne ko 225.

Yaro ba don nishaɗi kaɗai yake fara sha ba. Sau da yawa don aiki ne. An ce a sauke tirela kafin magariba, ana biya buhu-buhu, jikinsa ya gaza, abokinsa ya miƙo masa ƙwaya. Masana sun ce ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke tsayar da mutum ya yi tunani kafin ya aikata shi ne na ƙarshen nuna. Ƙwayar nan a kan ɗanyen abu take sauka. Sai a ga yaro yana faɗuwa kamar mai farfaɗiya, ana aikensa yana mantawa, kuɗi suna ɓacewa a hannunsa. Ubangida ya kore shi ya ɗauki wani, shi ke nan an rabu. To, ina aka tura shi? Yaran nan amana ce, da yawansu iyayensu daga gida suka turo mana su don sun yarda da mu. Duk ubangidan da ya ga yaronsa yana aikin mutum uku ba ya gajiya, kada ya yi murna, ya bincika. A ba su lokacin cin abinci da hutu, wanda ya riga ya faɗa kuma a kai shi asibiti kafin a kai shi ga 'yan sanda.

Sai babur. A watan Janairu na 2009, da aka fara tilasta sa hular kwano, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su ruɗi jami'an kiyaye haɗurra. An yi dariya an wuce. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano ta ƙwarai, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin ɗari. Ƙafa in ta karye akwai maɗori. Kai fa? Duk wanda ya saya wa yaro babur na acaɓa ko na aike, ya haɗa masa da hula, in ba haka ba sayayyar ba ta cika ba.

TUN RAN GINI

Ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki ake gina ta, kuma wasu kayan ginin ta hannunmu 'yan kasuwa suke bi. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ci. Rashinsa shi ke kawo maƙoƙo, kuma in mai ciki ta rasa shi, ɗanta yakan taso da nauyin fahimta har abada. Wannan sinadari yana raguwa in an bar gishiri a buɗe cikin rana da laima. Saboda haka masu sayarwa su riƙa rufe shi, masu saye kuma su nemi na cikin leda mai hatimi. Gishiri kaɗan, amma mai aidin.

Kun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da dama da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Dalma ba a Zamfara kaɗai take ba. Tana cikin tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gida, kuma kwallin dutse da yawa da aka auna an tarar da ita a ciki, ga shi kuwa ana ranbaɗa wa jarirai. A nisanta yara da waɗannan. Haka zazzaɓin cizon sauro, in ya hau kan yaro har ya kai ga suma ko jijjiga, yana iya barin tabo a karatunsa. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, kada a raina su. Janareto kuma kada ya kwana a cikin ɗaki ko a rufaffen shago, domin hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, wanda ya tsira ma yakan tashi da mantuwa.

WUƘAR DA BA A WASAWA

Ƙwaƙwalwa tana ƙaruwa da aiki. A 2000 wata masaniya mai suna Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin Landan, waɗanda ba a ba su lasisi sai sun haddace tituna kusan 25,000. Ta tarar sashen da ke riƙe hanya ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar mutum a aikin gwargwadon girmansa. Mu ma muna da namu filin wasa wuƙa. Lissafin ka, kafin a ɗauko kalkuleta. Tilawa da bitar hadda. Makarantar dare, wadda ba a tsufa da ita.

Ga kuma wata garaɓasa da zaman Gombe ya ba mu. A birnin Haidarabad na Indiya, a 2013, an duba masu gigin tsufa 648, aka ga waɗanda ke jin harshe biyu ko fiye ciwon ya yi jinkirin kama su da kimanin shekara huɗu da rabi, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. To, mu da muke zaune cikin Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja, wasunmu shekara talatin, amma daga gaisuwa ba su ƙara ko kalma ba, don kowa yana jin Hausa. Koyon harshen masu masauki riba uku ne: ciniki, mutunci, da lafiyar kai.

Daga ƙarshe, dattawanmu. Wanda ya tsufa a garinsu yana da ƙannai da abokan ƙuruciya a ƙofar gida. Wanda ya tsufa a baƙon wuri, kasuwa ita ce danginsa. Ranar da 'ya'ya suka ce Baba ka huta, suka hana shi fita, sun yi don ƙauna, amma sun raba shi da duk wanda yake hira da shi. In kuma kunne ya yi nauyi saboda shekarun da ya yi kusa da injin niƙa, ko yana ta rufe ido, sai ya ƙara janyewa, daga nan sai shiru, daga shiru sai ruɗewa. A bar tsoho ya riƙa zuwa shago ko na awa biyu ne, a riƙa neman shawararsa. A kai shi a duba kunne, a cire yanar ido, aiki ne da ake yi a wuce. Tsohuwar da ta fara sambatu ko ɓata hanya kuwa, marar lafiya ce, ba mayya ba ce. A kai ta asibiti, domin wani ruɗewar daga suga ne ko wani ciwo mai magani.

Kada kuma mu manta da waɗanda ke ɗauke da ciwon da ba a gani. Tun tashin bama-baman da aka yi a babbar kasuwa ranar 16 ga Yuli 2015, ana jajiberin ƙaramar salla, inda mutum kusan 50 suka rasu, akwai 'yan'uwanmu da ƙarar fashewar taya take sa su rawar jiki har yau. Akwai wanda karyewar jari ta hana shi barci da cin abinci. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da likitoci, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba.

ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, don kada magana ta tashi a iska, ga shawarwari biyar muna ajiyewa a gabanku.

Na ɗaya, ƙungiya ta sayi na'urar awon jini ko guda biyu, a nemi 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya su riƙa auna kowa a taron wata, a rubuta wa kowa lambarsa a kati.

Na biyu, a ware wani abu daga asusun taimako don sayen maganin hawan jini da na suga ga wanda ya gaza, a kuma tura wakilai hukumar GoHealth su jiyo mana yadda 'yan kasuwa za su shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Kuɗin da muke tarawa bayan mutum ya faɗi, da an kashe kaɗan daga ciki tun yana tsaye, da ya fi amfani.

Na uku, a naɗa mutum biyu a kowace unguwa, namiji da mace, masu zaga dattawanmu ko sau ɗaya a mako. Zumunta a ƙafa take.

Na huɗu, iyayen gida su yi alkawari a tsakaninsu a kan yaran shago: babu babur sai da hula, babu korar wanda ya faɗa shaye-shaye sai an sanar da iyayensa an nema masa magani.

Na biyar, kowa ya rubuta bashinsa da ajiyar da ke hannunsa, da shaidu, tun hankali yana wurinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Mun sha ganin dukiyar marayu ta salwanta, zumuncin shekara arba'in ya ɓaci, don kawai littafin yana cikin kan mutum ɗaya, kan kuma ya rufe.

Jama'a, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Ga malaman asibiti can a bakin ƙofa da na'urarsu, kada kowa ya fita bai miƙa hannu ba, shugabanni su fara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na Uku, ya saka wa mutanen garin nan da alheri bisa riƙon da suka yi mana. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar mu da hankalinmu da jinmu da ganinmu har ƙarshen rayuwarmu, ya sa mu gama lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.